Stefan Bryla: Injiniyan da ya amince wa walda ta ɗauki gada

A yau kowace kasuwar kan iyaka tana da masu walda, su ke haɗa mana rumfuna da ƙofofin shaguna da bodin manyan motoci, har mun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali a shekarun 1920 injiniyoyi ba su yarda a ɗora wa walda nauyin gada ba. Abin da suka sani shi ne a huda ƙarfe, a gasa ƙusa ta yi ja, a zura a buge kanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya wannan ra'ayi shi ne Stefan Bryla, mutumin ƙasar Poland.

An haife shi a birnin Krakow a 1886, ya yi karatun injiniya a Lwow, wanda a yau ake kira Lviv a ƙasar Yukren. Ya zaga Turai da Amurka yana aiki, sannan ya dawo ya zama farfesa a 1921, ya kuma taɓa zama ɗan majalisar dokoki.

Hujjarsa a kan ƙusa mai sauƙi ce, kuma ɗan kasuwa zai gane ta. Kowace huda tana rage wa ƙarfe ƙwari, sai a ƙara kauri da faranti don a cike giɓin, wato a sayi ƙarfen da ba ya ɗaukar komai sai kansa. Walda ba ta buƙatar huda. Matsalarta ita ce ido ba ya ganin cikinta, don haka sai lissafi da gwaji.

Ga yadda lissafin yake. Idan aka liƙa sandar ƙarfe a jikin ginshiƙi, nauyin da ke kanta ba danna mahaɗin kawai yake yi ba, yana neman ya lanƙwasa shi, kuma ƙarfin lanƙwasawar shi ne nauyi sau nisa. Buhu mai kilo 100 da aka rataya mita biyu daga ginshiƙi yana wahalar da mahaɗin ninki biyu na wanda ke mita ɗaya. Waldar sama ana jan ta, ƙasa kuma ana matse shi. Injiniya zai auna kaurin walda da tsawonta, ya san jan da za ta iya jurewa, ya ninka da tazarar da ke tsakanin sama da ƙasan sandar, ya tabbata abin da ya samu ya fi wanda nauyin ke nema, har da rara. Shi ya sa ɗigon walda biyu da ake yi wa wasu rumfunanmu, a shafe da fenti, ba abin dogaro ba ne ranar da iskar damina ta taso.

A 1928 Bryla ya tsara wa gwamnatin ƙasarsa ƙa'idojin gini da ƙarfen walda. Ya kuma zana gadar Maurzyce a kan kogin Sludwia kusa da garin Lowicz, wadda aka buɗe a 1929, ita ce gadar mota ta farko a duniya da aka haɗa da walda zalla. Tsawonta mita 27 kacal, amma ta rage fiye da tan goma daga tan 70 ɗin da za ta ci da ƙusa. Ta ɗauki motoci har 1977, lokacin da aka matsar da ita gefe aka adana don tarihi.

Shi ne kuma, tare da wani abokin aikinsa, ya tsara ƙarafan benen Prudential mai tsayin mita 66 a Warso. A 1944 sojojin Jamus sun yi wa benen ruwan bama-bamai, bango ya zube, amma ƙarafan suka tsaya, bayan yaƙi aka gyara shi ya zama otal.

Bryla bai ga haka ba. Da Jamusawa suka mamaye ƙasar suka rufe jami'o'i, ya ci gaba da koyar da ɗalibai a ɓoye, yana kuma shirya yadda za a sake gina ƙasar. An kama shi a watan Nuwamba na 1943, aka harbe shi tare da wasu fursunoni a bakin titin Pulawska a Warso ranar 3 ga Disamba, yana da shekara 57.