Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da Hijirarsa Zuwa Gabas

Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu, jikan Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, bai cika wata shida bisa gadon sarauta a birnin Sakkwato ba. An naɗa shi cikin watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, a lokacin da Bida da Kwantagora da Yola da Bauci duk sun riga sun shiga hannun Turawa. Watau dai ya gaji ɗaki ne wanda wuta ta riga ta kama jinkarsa.

Ran 3 ga watan Fabrairu na 1903 Kano ta faɗi. Ba a jima ba rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato ta yi arangama da sojan Nasara a Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu ta yanzu, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Sa'an nan ran 15 ga watan Maris aka kara a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Doki da mashi ba su daɗe gaban bindiga mai ruwa ba.

Daga nan manyan daula suka rabu biyu. Waziri Buhari ya nemi fatawar malamai, ya komo birni ya yi sulhu da Turawa don kada talakawa su zauna ba mai tsaya musu. Gwamna Lugga kuma ya tabbatar da wani Attahiru, ɗan Aliyu Babba, a kan sarauta. Ba ma ganin laifin Waziri, domin shi ma addini ya duba. Amma Attahiru na Ɗaya ya zaɓi ɗaya hanyar, watau hijira. Kakan mahaifinsa ya yi ta daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma tun zamanin Shehu zance ya bazu cewa wata rana jama'a za ta tashi ta nufi gabas, wajen kogin Nilu da Makka.

Ya biyo ta ƙasar Zamfara ya sauka Gusau, kuma daga nan ne tafiyar ta sake kama. Wanda ya fito kamar sarkin da aka ci da yaƙi sai ga shi ya zama limamin ƙaura. Malamai da almajiransu, fatake, manoma, mata da goyo, bayi da 'ya'ya, suka riƙa barin garuruwansu suna shiga ayari. Abin ya tsorata Turawa ƙwarai, suka sa rundunoni su bi sawunsa. Sarakunan da aka tuɓe su ma suka tarar da shi a hanya, cikinsu har da Etsu Nupe Abubakar da Magajin Keffi Ɗan Yamusa.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Lokacin bazara ne, rana na ƙuna, rijiyoyi sun ja baya, ga damina na ƙaratowa, lokacin da manomi ba ya barin gonarsa ko don biki. Garuruwan da ke kan hanya suna tsoron buɗe musu ƙofa. Attahiru ba shi da taska, ba shi da sarautar da zai naɗa wa kowa, bai kuwa yi wa kowa alkawarin nasara ba. Wasiƙun da ya aika ma cewa suke ba yaƙi ya fito ba, hanya yake nema ya wuce. Waɗansu sun gaji sun koma gida. Waɗanda suka saura kuwa, niyyar tsira da addininsu ce guzurinsu, ita ce ta mai da yunwa da ƙishirwa ibada a wurinsu.

Tafiyar ta tuƙe a Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yau. Mutanen garin sun kori sojan Nasara cikin watan Mayu, amma suka komo da shiri mai ƙarfi. Ran 27 ga watan Yuli na 1903 aka wuni ana ɗauki-ba-daɗi. Manjo Mash, shugaban rundunar Turawa, ya mutu a wurin. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, aka sami gawarsa kewaye da gawawwakin waɗanda suka ƙi gusawa daga gare shi. Allah ya jiƙansu.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya tattara waɗanda suka tsira ya ci gaba da su ta ƙasar Barno, a ƙafa da bisa jakuna, har suka kai ƙasar Sudan. Can suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar, suka sa masa suna Mai Wurno. Zuriyarsu na can har yau.