Georgia Tann, matar da ta mai da ƴaƴan talakawa hajar kasuwa

Yau a filinmu na tarihin mutane mun kawo muku labarin wata ƴar Amurka mai suna Georgia Tann, wadda ta shekara 26 tana cinikin jarirai da sunan taimakon marayu, har abin da ta aikata ya sa aka sake dokar ɗaukar yara a jihar Tenesi.

An haife ta a shekara ta 1891 a jihar Misisipi. Ubanta alƙali ne. Ta karanta shari'a, amma bai yarda ta yi aikin lauya ba, sai ta shiga aikin kula da yara. A 1924 ta koma birnin Memfis na jihar Tenesi, inda ta riƙe reshen wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira Tennessee Children's Home Society.

Ya kamata mu gane cewa ɗaukar yaro a can ya bambanta da riƙo irin namu. A wajenmu ɗan riƙo ya san uwarsa da ubansa, yana amsa sunan gidansu. A can kuwa, in shari'a ta miƙa yaro, ana sake masa suna da takardar haifuwa, alaƙarsa da iyayensa na asali ta yanke. Wannan kafa ce Tann ta bi.

A cikin jihar Tenesi, kuɗin ɗaukar yaro dalar Amurka 7 ne kawai. Amma in ta kai yaro wa masu hali a Niyok ko Kalifoniya, takan karɓi ɗaruruwan daloli, wani lokaci dubbai, tana cewa kuɗin tafiya ne da na takardu, alhali galibinsu aljihunta suke shiga. Cikin waɗanda suka karɓi yara daga hannunta har da shahararriyar ƴar fim Joan Crawford, a 1947. Lokacin Kirsimati kuma ana buga hotunan yaran a jarida kamar tallar kaya.

Ina take samo su? Daga matan da ba su da gata. Wata ana miƙo mata takarda ta sa hannu tana cikin magagin maganin haifuwa. Wata a ce mata jaririnta ya rasu, alhali yana raye. Wata talauci ya sa ta ajiye ɗanta na ɗan lokaci, in ta dawo a ce an riga an ba da shi. Alƙaliyar kotun yara ta Memfis, Camille Kelley, takan ƙwace yara daga iyaye matalauta ta miƙa wa gidan. An ƙiyasta yaran da suka bi ta hannun Tann sun kai 5000. Wasu ma ba su rayu ba: 19 daga cikinsu na kwance a maƙabartar Elmwood, inda sai a 2015 aka kafa musu dutsen tunawa.

Abin da ya ba ta dama shi ne rashin mai sa ido. Ita ke karɓo yaro, ita ke zaɓen wanda za a ba, ita ke yanke kuɗi, ita ke riƙe da takardu. Ga kuma inuwar Edward Crump, uban siyasar Memfis. Sai da abokin hamayyarsa Gordon Browning ya zama gwamna sannan aka sa lauya Robert Taylor bincike. A watan Satumba na 1950 gwamnan ya bayyana wa jama'a zargin cewa ta ci ribar kimanin dala miliyon ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Satumba, ciwon daji ya kashe ta, ba ta tsaya gaban alƙali ba. Kelley ta ajiye aiki, aka rufe gidan, amma kusan duk yaran ba su koma hannun iyayensu ba.

A 1951 jihar Tenesi ta sake dokar ɗaukar yara, ta tsananta sa idon hukuma. Sai dai takardun sun kasance a rufe har 1995, lokacin da aka yi dokar da ta ba waɗanda aka ɗauka damar ganin asalinsu, kotun ƙoli ta jihar ta tabbatar da ita a 1999. Iyaye mata da yawa sun riga sun rasu kafin nan. A matakin duniya kuma, yarjejeniyar birnin Heg ta 1993 ta ce kada a karɓi yardar uwa sai bayan ta haifu, kada a sayi yardar da kuɗi, kuma kada kowa ya ci ribar da ba ta dace ba.

Irin wannan ya taɓa kusantarmu. A watan Oktoba na 2007 aka kama ƴan ƙungiyar Arche de Zoé ta Faransa a Abeshe, ƙasar Cadi, za su fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, bincike ya nuna yawancinsu suna da iyaye. Saboda haka, iyayenmu mata na kasuwa, kada mu dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mana ba, kuma duk wanda ya zo neman yaro da alkawarin karatu ko magani, mu fara kai maganar gaban hukuma da alƙali.