Sarkin Katsina Muhammadu Dikko A Idon Talakawansa

A wannan mako filinmu zai waiwayi wani Sarki wanda babu 'yar Katsinar da ba ta taɓa jin sunansa ba, watau marigayi Alhaji Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa. Maroƙa da masu tarihi sun daɗe suna ba da labarinsa daga cikin fada. Mu yau daga ƙofar gidan talaka za mu hango shi, yadda kakanninmu na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi suka ɗanɗana mulkinsa.

An haifi Dikko a 1865. Basulluɓe ne, ɗan Durɓi Giɗaɗo, kuma shi ma ya riƙe sarautar Durɓi. A wancan zamani sarautar Katsina tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje, tun daga Jihadi. Durɓi kuwa yana cikin masu zaɓen Sarki ne, tare da su Ƙaura da Galadima da Yandaka. Da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar Yandaka a 1903, Dikko ne ya tsaya kan hidimar Turawa, wajen abinci da sauran bukatunsu. Ba a daɗe ba suka tuɓe Sarki Abubakar suka naɗa Yero, a 1906 shi ma suka tuɓe shi, suka ba Durɓi gari. To ki lura da wannan, don shi ne tushen kome. Sarkin da Turawa suka ɗora yana da jama'a a ƙarƙashinsa, yana kuma da Razdan a bisansa, sai ya riƙa auna kowane mataki da ido biyu.

Abu na farko da mutumin ƙauye ya shaida shi ne kwanciyar hankali. Kafin wannan lokaci mahara daga Maraɗi sukan biyo ta dajin Ruma, yamma da Kurfi, su kwashe mutane da dabbobi. Mace ba ta iya nisa da ganuwa neman itace. Da hari ya ƙare sai jama'a suka fita suka sari daji, sababbin ƙauyuka suka tsiro. Turawa suna da hannu a nan, amma talaka sunan Sarki ya sani, shi ya yi wa godiya.

Na biyu shi ne sha'anin haraji. A dā hakimai a birni suke zaune, sai su aiko jakadu su karɓo musu kuɗin ƙasa da na rafi da na karofi, jakada ya ci nasa, ya kai saura. A zamanin Dikko aka fitar da hakimai zuwa ƙasashensu, shi ya sa yau kike ganin Yandaka a Dutsin-Ma, Maraɗin Katsina kuma a Kurfi. A Katsina aka fara kafa Baitulmali a duk Arewa, kuɗi ya shiga littafi, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi. Wannan gyara ne, ba mai musu.

Amma ki tambayi tsofaffi abin da iyayensu suka faɗa musu. Harajin da aka rubuta a littafi ba ya mantuwa, ba ya kuma jin roƙo. Da kuɗin Turawa ake biyansa, ba da wuri ko dami ba, kuma da kaka ake nemansa, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Sai maigida ya buɗe rumbu ya sayar da arha, da bazara ya koma ya sayo da tsada. In bai cika ba, akuyar uwargida ce ke tafiya kasuwa, ko zaren da ta kwana tana kaɗi. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta sami mutane a cikin wannan hali, haka ta 'Yar Buhu a 1927. Ga kuma aikin tilas na hanya, inda dagaci zai fitar da majiya ƙarfi ko da gonarsu na jiran noma. Hanyar da suka share mota ce ta bi ta, su kuwa da ƙafa da jaki suka ci gaba da tafiya.

Inda Dikko ya sha gaban sarakunan zamaninsa shi ne rashin tsoron sabon abu. A 1921 ya tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga baya ma ya sake komawa can. A garinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da Alhaji Isa Kaita, wanda Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa.

Mu mata kuwa ga namu rabon. A 1930 aka fara makarantar 'yan mata a Katsina da Kano, ta Katsina kuma a cikin gidan Sarki aka buɗe ta, da yaran gidansa da na manyan fadarsa. Ki tuna lokaci ne da uba ke ɓoye ɗansa namiji a rumbu don gudun boko, balle 'ya mace. Shugaban da ya fara miƙa nasa kafin ya nemi na wani ya rufe bakin masu tsegumi, kuma a ganina wannan shi ne mafi girman abin da Dikko ya yi.

Sai dai wannan hali na farawa daga gida yana da ɗaya fuskar. Yadda makaranta ta fara da 'ya'yan gida, haka manyan sarautu da muƙaman En'e da yawa suka koma hannun 'ya'yansa da 'yan'uwansa da yaransa. Wanda ya yi karatu shi ya sami aiki, wanda ya sami aiki shi ya sa nasa ɗan a makaranta. Mai karɓar haraji ya san hanyar kowane ƙauye a ƙasar Kurfi tun farkon mulkin, amma malamar makaranta sai da aka yi shekaru masu yawa bayan rasuwar Sarki kafin ta iso wurin 'yar manomi.

Dikko ya yi kusan shekara 38 yana sarauta. Ya rasu a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, talakawa na fama da tsadar hatsi da ta tufafi. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya raka shi Hajji yana saurayi, shi ya gaje shi har zuwa 1981, sa'an nan jikansa Muhammadu Kabir har zuwa 2008, daga nan sarauta ta koma ga Abdulmumini, ɗan Kabir.