Frank W. Peek

Frank William Peek Jr. (20 ga Agusta, 1881 – Yuli, 1933) injiniyan lantarki ne ɗan Amurka. An fi saninsa da bincike kan korona, wato yoyon wuta daga manyan wayoyin lantarki zuwa cikin iska.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Mokelumne Hill da ke jihar Kalifoniya. Ya kammala Jami'ar Stanford a 1905, ya sami digiri na biyu a Union College a 1911. Ya yi aiki da kamfanin General Electric a Schenectady, daga baya a Pittsfield.

Bincike

Idan ƙarfin wuta a jikin waya ya kai kusan kilobolt 30 a kowace santimita, iskar da ke kewaye da ita takan fara ɗaukar wutar. Daga nan sai a ji tsaki, a ga haske shuɗi-shuɗi da dare, wuta ta salwanta, rediyon da ke kusa ya riƙa shashshaka.

Peek ya auna wannan, ya fitar da lissafin da ake kira Dokar Peek. Dokar ta nuna cewa siririyar waya, da waya mai kaushi ko datti, da iska marar nauyi saboda zafi ko tudu, duk suna saurin jawo korona. Ya tattara binciken a littafinsa Dielectric Phenomena in High Voltage Engineering na 1915. Ya kuma haɗa tsawa ta miliyoyin bolt a ɗakin gwaji.

Mutuwa

Ya mutu a yankin Gaspé na Kanada, lokacin da jirgin ƙasa ya buge motarsa.

Tasiri

Peek ya fi yin gwaji da wutar AC mai kai-da-komo, irin ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai. Amma da aka fara layukan DC na zamani da na Gotland a Suwidin a 1954, injiniyoyi sun ci gaba da amfani da lissafinsa, da 'yan gyare-gyare. A layin DC, wuta hanya ɗaya take bi, don haka ƙwayoyin iskar da suka ɗauki caji sukan bar waya su nufi ƙasa, wayar kuma ta fi jan ƙura. Shi ya sa ake amfani da wayoyi masu kauri ko a haɗa biyu zuwa huɗu, kamar yadda ake la'akari da ƙura a wuraren da ake hazo.