Kahal: Yaron Wanzami Da Ya Gano Yadda Ido Ke Aika Saƙo

Ni ɗan Gwandu ne, ina ajin ƙarshe a sashen koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Tarihin wani Bature ɗan ƙasar Sifen na kawo muku, Santiago Ramón y Cajal, wanda ake furta sunansa da Kahal. Dalilina ɗaya ne. Duk wanda ya shigo Poli ya sha jin ana cewa mu 'yan aikin hannu ne, masu aikin ƙwaƙwalwa suna jami'a. To ga mutumin da duniya ke kira uban ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na zamani, kuma hannunsa ne ya kai shi can.

An haife shi ran 1 ga Mayu, 1852, a wani ƙauye mai suna Petilla. Mahaifinsa ya soma ne da wanzanci, irin na da mai haɗawa da ƙaho da cire haƙori, daga baya ya yi karatu ya zama likita. Shi kuwa yaron gagararre ne na bugawa a jarida. Ba ya son hadda, ba abin da ya sa gaba sai zane. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa da hannunsa, ya harbe ƙofar wani maƙwabci da ita, aka kulle shi na 'yan kwanaki. Da uban ya gaji, sai ya cire shi daga makaranta ya kai shi koyon aski wurin wanzami, daga baya kuma wurin baduku mai ɗinkin takalma.

A 1868 uban ya sake dabara. Ya riƙa ɗaukar sa suna tattaro ƙasusuwan mutane daga tsohuwar maƙabarta, yana ce masa ya zana su. Nan fa zane da karatu suka haɗu. Ya gama karatun likita a Zaragoza a 1873, aka ɗauke shi likitan soja, aka tura shi yaƙin Kuba a 1874. Zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi, ya dawo gida a 1875 ƙashi da rai. Da ɗan abin da ya tara na albashin soja ya sayi madubin likita na kansa a 1877, ya kafa ɗakin gwaji a gidansa. A lokacin Sifen ba ta cikin ƙasashen da ake lissafawa a kimiyya. Jamus da Faransa da Ingila ke jan zarensu.

Ga matsalar da ta dami masana a zamanin. Idan aka yanko ƙwaƙwalwa aka duba a madubi, sai a ga zaruruwa sun sarƙe kamar komar masunta, ba a gane farko balle ƙarshe. Yawancinsu sun yarda cewa jijiyoyin duk a haɗe suke, raga ɗaya ce. A 1873 wani ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya ƙirƙiro wani rini na sinadarin azurfa mai ban mamaki: yana baƙanta 'yan ƙwayoyin jijiya ƙalilan tun daga kai har wutsiya, ya bar sauran fes. Amma rinin yau ya kama, gobe ya ƙi, har mutane suka yi watsi da shi.

Kahal ya fara ganin rinin a Madrid a 1887, ya koma ya zauna masa irin zaman marini a bakin karofi. Ya gano in aka tsoma naman sau biyu ya fi kamawa. Ya riƙa yanka shi da ɗan kauri don kada zaren ya tsinke. Sannan ya koma amfani da 'yan tsaki da jariran dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su riga sun yi kitsen da ke hana rini shiga ba. Duk wannan fa gwanintar hannu ce da haƙuri, irin abin da ake koya mana a darasin gwaji. Da ita ya ga abin da manyan farfesoshi ba su gani ba: kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, tana taɓa 'yar uwarta ne kawai ba tare da sun narke cikin juna ba.

Wurin da ya fi ƙaunar dubawa shi ne retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ya bincika na kifi da kwaɗo da ƙadangare da tsuntsu da dabbobi masu shayarwa, ya fitar da babban aikinsa a kansa a 1893. Ya nuna tantanin hawa-hawa ne. Akwai ƙwayoyi masu karɓar haske iri biyu: masu kama da sanda, wajen miliyan 100, su ke aiki da dare, da masu kama da mazurari, 'yan miliyoyi kaɗan, su ke rarrabe launi da rana. Suna miƙa saƙo ga ƙwayoyin tsakiya, su kuma su miƙa ga na ƙarshe, waɗanda zaruruwansu kimanin miliyan ɗaya suka haɗu suka zama jijiyar gani mai tafiya ƙwaƙwalwa. Akwai wasu kuma da ke kwance a gicciye, shi ya raɗa wa wani rukuninsu suna amakirin, har yau haka ake kiransu.

Wayon da ya yi a nan ya burge ni. A ido kowa ya san ta ina saƙo ke farawa, daga haske ne, kuma an san ƙwaƙwalwa ya nufa. Sai ya duba yadda ƙwayoyin suka juya, ya ga kowace tana karɓa ta rassanta, tana aikawa ta dogon zarenta. Ya ɗauki alƙalami ya zana 'yan kibiyoyi a jikin hotunansa, ya ce haka saƙo ke bi a sauran jijiyoyi ma. Zane-zanen nan suna cikin littattafan likitanci har gobe.

Amma wa zai karanta? A 1888 ya buga mujalla da kuɗin aljihunsa, kwafi 60 kacal, cikin Sifaniyanci, ya aika wa masana, shiru kake ji. Bai zauna yana ƙorafi ba. A watan Oktoba na 1889 ya tattara gilasansa da madubinsa ya tafi taron masana a Balin ta Jamus, ya jawo dattijonsu Albert Kölliker ya sa shi ya leƙa da idonsa. Gani ya kori ji. Dattijon nan har Sifaniyanci ya koya don ya karanta aikin Kahal. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi, wanda ko a jawabinsa na karɓar kyautar bai sauka daga ra'ayin raga ɗaya ba. Kahal ya mutu a Madrid ran 17 ga Oktoba, 1934. Sai a shekarun 1950, da aka sami madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan ratar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarara, kamar yadda ya faɗa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Gwandu tare da Shehu da Malam Abdullahi kafin a gina Sakkwato, ya yi rubutu a kan cututtukan ido da magungunansu. Kuma taswirar Kahal ta shafi gidajenmu. Yaron da dundumi ke kamawa da magariba a ƙauyukan Gwandu da Kalgo, sau da yawa ƙwayoyin nan masu kama da sanda ne suka rasa bitamin A, wanda ake samu a hanta da manja da zogale da karas. Hawan jinin ido kuwa ƙwayoyin hawa na ƙarshe yake kashewa a hankali ba tare da ciwo ba, kuma in sun mutu ba sa tofowa. Don haka in za ka hutu, ka lallaɓa Baba da Inna su je a auna musu ido tun suna gani.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, ranar darasin gwaji ba ranar sa hannu a rajista a sulale ba ce. In an ce ka zana abin da ka gani a madubi, ka zana naka, kada ka kwafi na abokinka ko na littafi. In rini ya ƙi kamawa, sake, ka rubuta abin da ka canza. Kayan aikinmu ba su da yawa, gaskiya ne, amma madubin da ke kan teburinmu ya fi wanda Kahal ya saya a 1877. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kare mana idanunmu.