Tanimu ɗan Sulaiman: Sarkin Damagaram da ya tara bindiga ya ƙera igwa

A duk lokacin da aka yi hawan Sallah ko na Gani a Daura, akwai wasu mutane da ke tafe a gaban sarki da dogayen bindigogin toka, suna ɗura albarushi suna harbawa sama, hayaƙi na turnuƙe fili, yara na toshe kunne. A yau ado ne da raha. Amma shekaru ɗari da hamsin da suka shige, wannan ƙara ita ce ke hana mutanen yankin barci, kuma galibi daga arewa take fitowa, daga rundunar Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman.

Tanimu, wanda littattafan Faransanci ke rubuta sunansa Tanimoune, ya mulki Damagaram daga shekarar 1851 zuwa 1884. Masana tarihi na sanya shi a sahun gaba na sarakunan da suka fi kowa mallakar makaman wuta a tsakiyar ƙasar Sudan a ƙarni na 19.

Gidan sarauta da rikicin 'yan'uwa

Gidan sarautar Damagaram asalinsa na Barebari ne, kuma an kafa shi a cikin shekarun 1730. Da farko ƙaramar ƙasa ce daga cikin ƙasashen da ke yammacin daular Borno, masu kai gaisuwa ga Mai, daga baya kuma ga Shehu a Kukawa.

Mahaifin Tanimu, Sarki Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1812 zuwa 1822, shi ne ya mai da hedikwatar ƙasar garin Zinder. Bayansa ɗansa Ibrahim ya hau gado.

Tanimu ya fara ɗanɗana sarauta ne a 1841, a tsakiyar wata taƙaddama tsakaninsa da ɗan'uwan nasa, wadda hannun Shehu Umar na Borno ke ciki dumu-dumu. Shekara biyu kacal ya yi, sarauta ta koma wa Ibrahim. Sai a 1851 ya sake hawa, kuma daga nan bai sauka ba har mutuwa.

Abin da ya faru a tsakanin hawan biyu ya isa ya zama darasi ga duk ɗan sarki mai lura. A 1846, yayin da rundunar Borno ta tafi yamma domin ladabtar da Zinder, sojojin Wadai suka afka wa Borno daga gabas, suka yi ɓarna har Kukawa. Ubangidan da ke naɗawa da tuɓewa ashe shi ma gidansa na da ƙofar baya. Ana iya cewa duk siyasar Tanimu ta shekaru 33 a kan wannan fahimta aka gina ta: ya ci gaba da aika gaisuwa Kukawa, amma ya shirya kansa ta yadda babu wanda zai sake tuɓe shi da wasiƙa.

Hanyar Tarabulus

Arzikin Zinder yana ga mazauninta. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamus da Gat da Azbin, kafin ya isa Kano sai ya sauke kaya a Zinder. Garin ya kasu biyu, Birni inda fada take, da Zango inda fatake Larabawa da Abzinawa da Hausawa ke sauka. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zauna a garin daga ƙarshen Disamban 1852 zuwa ƙarshen Janairun 1853, lokacin Tanimu bai daɗe da komawa gado ba, kuma ya bayyana shi a matsayin mashigar ƙasar Sudan ga mai fitowa daga arewa.

Raƙuman da ke gangarowa kudu suna ɗauke da tufafi da takarda da duwatsun ado, haɗe da bindigogi da farar wuta da tagulla. Masu komawa arewa kuwa suna ɗauke da jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina, wanda kasuwarsa ta yi tashin gwauron zabo a Turai a shekarun 1870. Suna kuma kora bayi.

A nan Tanimu ya bambanta da takwarorinsa. Sarakuna da yawa na zamanin sun sayi bindiga, amma akasarinsu sun ɗauke ta abin tsoratarwa ne kawai, ƙarfin yaƙinsu yana ga barade masu lifidi da sulke da kuma 'yan baka masu dafaffun kibau. Dalilinsu ba na banza ba ne. Bindigar wancan lokaci ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna harsashi da sanda, a dogara da ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin mutum ya sake ɗurawa, gwanin baka ya saki kibau da dama, mai doki kuma ya iso kansa. Idan damina ta jiƙa albarushi, bindiga ta zama kulki. Wani lokacin ma ta fashe a hannun mai ita.

Tanimu ya gane cewa bindiga ɗaya ba komai ba ce, amma ɗaruruwa a jere, suna harbi bi da bi a bayan ganuwa ko a gaban dawaki, wani abu ne daban. Ya kuma gane cewa wanda ke jiran ayari ya kawo masa albarushi, makaminsa a hannun wani yake.

Saboda haka ya sa aka riƙa haɗa albarushi a Zinder, ana shigo da farar wuta daga arewa, sauran kayan haɗin kuma ana samun su a gida. Ya tara maƙera masu gyaran bindiga da yin harsashi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne igwa, wadda maƙeran garin suka riƙa zubawa da narkakkiyar tagulla. Ƙiyasin da ya fi yawo a littattafan tarihi shi ne cewa ya mallaki bindigogi kimanin 6,000 da igwa kusan 40.

Ko da an rage wani abu daga wannan adadi, babu wata masarauta a daular Sakkwato da aka ba da labarin ta tara irin wannan a lokacin. Labarin ya isa Kukawa, inda wani Bajamushen, Gustav Nachtigal, ya sauka a 1870 da kyaututtukan Sarkin Prussia zuwa ga Shehu Umar, ciki har da wasu bindigogi na zamani. Ya tarar ana kallon Zinder a matsayin bara da ya fi ƙarfin a aike shi.

Su wa ke riƙe da bindigar

Sarkin da ya sha tuɓewa ba ya miƙa makami ga 'yan'uwansa. Tanimu ya dogara ne ga bayin sarki, ya ba su muƙamai da ragamar rundunar 'yan bindiga, mutanen da ba su da gadon sarauta balle su yi kwaɗayinta, kuma ba su da wani gata sai shi. Ta haka iko ya tattaru a fada, hakimai na gado suka rage tasiri.

A shekarun 1850 ya kewaye Birni da ganuwa mai tsayi da kauri, wadda har yanzu ake ganin ragowarta. Daga bayanta ya riƙa fita yaƙi. Ƙasashen Sosebaki irin su Mirya da Dungas da Washa, waɗanda a da suke kai gaisuwa Borno kai tsaye, suka koma ƙarƙashin Zinder ɗaya bayan ɗaya. An ƙiyasta cewa a ganiyarta Damagaram ta kai faɗin murabba'in kilomita dubu 70, da mutane fiye da dubu 400, mafi yawansu Hausawa.

Daura a tsakanin wuta biyu

Ga mutanen ƙasar Daura, tarihin Tanimu ba labarin maƙwabta ba ne.

Lokacin jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, a farkon ƙarni na 19, Malam Ishaku ya karɓe birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta haƙura ba. Ta kafa sarautu a Zango da Baure, wani reshe kuma a Magarya da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, kowannensu na ganin kansa shi ne magajin gidan Daurama na gaskiya.

Waɗannan sarakuna na buƙatar majingina, kuma Damagaram ce ta zame musu. Sai dai inuwar ba kyauta ba ce. Zango ta riƙa kai gaisuwa Zinder, tana ba da mayaƙa idan an nema, kuma Sarkin Damagaram na da ta cewa a kan wanda zai hau gadonta da wanda zai sauka. Abin da Borno ta yi wa Tanimu a ƙuruciyarsa, shi ya riƙa yi wa 'ya'yan sarakunan Daura.

Sakamakon haka, ƙasar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa ta kasance bakin iyaka tsakanin dauloli biyu masu gaba, birnin Daura na bin Sakkwato, gabas da arewa na bin Zinder. Tafiyar yini ɗaya na iya fitar da mutum daga wannan iko ta shigar da shi wancan. Da an gama girbi, ƙasa ta bushe, lokacin hari ya zo, kuma hare-haren Damagaram kan kai har Kazaure da arewacin ƙasar Kano. Manomi ba ya nesa da ganuwa, ƙauyen da ba shi da katanga ko shingen ƙaya kuwa ya zama abin tausayi.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da masu kirari kan tsallake. Bindigogin Tanimu ba da gashin jimina kaɗai aka saye su ba. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, gab da komawar Tanimu, ya ba da labarin yadda rundunar garin ke fita ta dawo da ɗimbin kamammu, wasunsu ma daga garuruwan da ke ƙarƙashin Borno ɗin kanta. Wannan tsari bai tsaya ba a zamanin Tanimu. Bawa ya sayi bindiga, bindiga ta kamo wani bawan, wasu a tura su Sahara, wasu a zaunar da su a gandun sarki, wasu kuma a ɗora musu bindigar a kafaɗa.

Shekarar 1884

Duk tsawon mulkinsa, duniyar makamai tana sauyawa a wuraren da ayarin Gadamus ba ya zuwa. Tun 1836 Samuel Colt ya yi rajistar ƙaramar bindigarsa mai juyawa a Amurka, wadda ke harbi sau da dama ba tare da sake ɗuri ba. Ita ce kakar bindigogin da ake kira magnum, waɗanda kamfanin Smith & Wesson ya fara fitarwa a 1935. Rundunonin Turai kuma sun bar ɗuri ta baki sun koma bindigar da ake sa wa harsashi ta gindi. Abin da ke isowa Zinder yawanci tsofaffin da Turai ta gama yayinsu ne.

Tanimu ya rasu a 1884. A wannan shekara Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai sarrafa kanta a London, kuma a watan Nuwambanta aka buɗe taron Berlin kan rabon Afirka. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani.

Rundunar da ya bari ta ci gaba da aiki. Ɗansa Ahmadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, shekarar da Rabeh ya ci Kukawa, ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Aliyu Babba. A watan Mayun 1898 aka kashe hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a Zinder. A ƙarshen Yulin 1899 sojojin Faransa suka gamu da rundunar Damagaram a Tirmini, yamma da birnin. Ba su kai ta yawa ba, amma bindigoginsu na cin nesa kuma ba sa jiran ɗuri. Cikin yini guda aka gama. Kuran Daga ya fice daga birni, aka kashe shi a watan Satumba.

Daga nan Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyar ƙasar da Tanimu ya mallaka. Magarya ta faɗa ɓangaren Faransa, Zango da Baure suka faɗa na Ingila. Turawan Ingila kuma suka ɗauko Malam Musa daga gidan Zango suka mai da shi gadon Daura, wanda shi ne karo ɗaya tilo da aka mai da tsohon gidan sarautar Haɓe birninsa na asali bayan jihadi. Zuriyarsa ce ke sarauta har yanzu. Da wuya a ce gidan zai kai wannan rana da bai sami mafaka a inuwar Damagaram ba, duk da tsadar da mafakar ta yi masa.

Bindigar toka kuwa ta koma hannun maharba da masu tsaron gona da 'yan hawan Sallah. A ƙarƙashin dokar makamai ta Najeriya ta 1959, kwamishinan 'yan sanda na jiha na iya ba da lasisin irin wannan bindiga mai ɗuri ta baki, amma ƙaramar bindiga mai juyawa tana cikin jerin makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Kalmar 'yan bindiga ma, wadda a da sunan wani rukunin bayin sarki ne, ta sami wata ma'ana mai ɗaci a jihar Katsina tun daga shekarun 2010.

A Nijar, ana tuna Tanimu a matsayin gwarzo. Masanin tarihi André Salifou, haifaffen Zinder, wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya wallafa tarihin daular Damagaram a 1971, sannan ya rubuta wasan kwaikwayo mai sunan sarkin a 1973. Sansanin sojan da Faransawa suka gina a kan dutse a Zinder, suka sa masa sunan Cazemajou, daga baya an sauya masa suna zuwa na Tanimu.