Arthur Ashe, Zakaran Wasan Tanis

Mu mutanen Kirikasamma da ƙasar Haɗejiya mun san kokawa da dambe, amma ba kowa ya taɓa ganin tanis ba. Mutum biyu ke yinsa a fili mai tsawon ƙafa 78, an ja raga a tsakiya kamar tarun masunta, kowa yana bugo 'yar ƙwallo ta bisa ragar. A wannan wata za mu ba ku labarin wani baƙin mutum wanda ya zama zakara cikin wasan nan, har ya taka ƙasarmu.

An haifi Arthur Ashe ran 10 ga Yuli 1943 a Richmond, cikin jihar Birjiniya ta Amurka. Uwarsa ta rasu yana da shekara 6. Ubansa shi ne mai lura da wani filin wasa da aka ware wa baƙar fata, gama a zamanin nan doka ta raba su da Turawa a makaranta da wurin wasa. A nan yaron ya soma koyo.

Yana da shekara 10 sai aka kai shi wurin wani likita, Robert Walter Johnson, mai horar da yara baƙar fata a gidansa. Likitan ya kafa musu doka mai wuya. Kada su yi jayayya da alƙalin wasa, kada su nuna fushi, in kuwa akwai shakka ko ƙwallo ta fita layi, su bar wa abokin karawa. Ya sani ana neman dalilin korarsu ne. Wannan kamewa ta zama halin Ashe har mutuwarsa.

A 1968, yana hafsan soja, ya ci babbar gasar Amurka. A 1970 ya ci ta Ostireliya. A 1975 kuma ya gamu da Jimmy Connors a karon ƙarshe na Wimbledon, a Ingila. Connors saurayi ne mai ƙarfin bugu, galibin mutane sun ba shi nasara tun ba a fara ba. Ashe bai gwada ƙarfi da shi ba. Sai ya dinga aika masa ƙwallo a hankali, ƙasa ƙasa, har ya ruɗe. Har wa yau Ashe ne kaɗai namiji baƙar fata da ya ci gasannin nan uku.

Bai manta da Afirka ba. Ya ziyarci Nijeriya a 1970. A 1971 ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a Yawunde ta Kamaru, Yannick Noah, ya sa aka kai shi Faransa koyo, yaron kuwa ya ci gasar Faransa a 1983. A Fabrairu 1976 Ashe yana Ikko wurin gasa sa'ad da aka kashe Janar Murtala Muhammed, mutumin Kano. Bayan kwana 3, ana cikin wasa, sai soja suka faɗo filin, ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a baya. Ya ɗaga hannu, ya fita.

Kada fa a zaci sanyin halinsa tsoro ne. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana shi shiga ƙasarta saboda ya soki mulkin wariya, bai kuwa daina nema ba sai da ta yarda a 1973. A 1985 'yan sanda suka kama shi a Washington yana zanga-zanga a kan mulkin nan.

Ciwon zuciya ya sa ya bar wasa a 1980. Likitoci sun ɗauka jinin da aka ƙara masa wajen aikin zuciya a 1983 shi ya sa masa ƙwayar ƙanjamau. A zamanin nan ana gudun masu cutar. Da ya ji wata jarida za ta tona asirin a 1992, sai ya bayyana da bakinsa, ya ba da sauran kwanakinsa ga wayar da kan mutane, har ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1993, yana da shekara 49. Babban filin tanis na New York, wanda aka buɗe a 1997, sunansa ya ke ɗauke da shi.

Samarinmu, in kaka ta yi kun shiga fagen kokawa, ku tuna da mutumin nan. Ƙarfin dantse ya kan ƙare da tsufa ko ciwo, amma wanda ya iya mallakar zuciyarsa, ya riƙe gaskiya, sunansa ba ya ɓacewa.